Babi na Huɗu: Me Ido Ke Nema a Cikin Kore?

Duk wanda ya taɓa tarbar ɗan'uwa da ya dawo daga Abuja, ko alhajin da ya sauka daga ƙasa mai tsarki, ya san yadda hirar ke tafiya. Da an gama gaisuwa da ban-gajiya sai a shiga labarin gari: tituna shimfiɗe, ciyawa kore shar an aske ta daidai wa daida, furanni jere a tsakiyar hanya, ruwa na feshi a shataletale. Can sai wani ya yi ajiyar zuciya ya jefo tambayar da ke ran kowa: mu me ya hana garuruwanmu su yi kyau haka? Wani lokaci ma takan zo da kaifi, a ce anya mu mun damu da kyan wuri kuwa, ko dai abin da za a sa a baki kaɗai muka sani?

Tambayar ta cancanci a tsaya mata, domin akwai wani zato a cikinta da ya daɗe yana cutar da mu, wato cewa kyan shuke-shuke a gari iri ɗaya ne tak, kuma yana can garin wasu. Ni a ganina mutanenmu suna da ido, ido ma mai tsananin zaɓe, sai dai abin da yake nema daban yake da abin da ake ta ƙoƙarin tallata masa. Don mu gane haka, bari mu ajiye manyan birane tukuna mu fara daga gari irin Ruwan Godiya, a ƙaramar hukumar Faskari da ke kudancin jihar Katsina. Yankin manoma ne, ƙasar masara da dawa da auduga, irin garuruwan da ba a sa su a lissafi idan ana zancen wuraren shaƙatawa. Amma a irinsu ne aka fi ganin ma'aunin da Bahaushe ke auna kore da shi, domin ba wanda ya zo ya rufe shi da fenti da allon sanarwa.

Inuwa kafin fure

Ka sami dattijo a irin wannan gari ka ce masa, "Baba, wace bishiya ta fi kyau a nan?" Da wuya ya kai ka wurin mai fure. Zai ɗaga sanda ya nuna durumin ƙofar mai gari ko ceɗiyar bakin masallaci ya ce, "Ɗana, ka ga waccan? Ko azahar ɗin bazara rana ba ta ratsa ta." A wurinsa ya gama yabo ke nan.

Kada a ɗauka wannan ƙarancin sanin kyau ne. A watan Afrilu zafi a ƙasar Katsina yakan kai maki 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya ɗara. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙasa ko bangon da ke cikin inuwa yakan fi wanda rana ke duka sanyi da maki 11 zuwa 25. Ban da haka, bishiya tana zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ta fitar da shi ta ganyenta, wannan danshin kuwa yana sanyaya iskar da ke kewaye da ita. Shi ya sa inuwar bishiya ta fi ta rumfar kwano daɗi nesa ba kusa ba. Kwano yana tare rana, amma shi kansa yakan ɗau zafi ya sauko maka da shi a tsakar ka. Mutumin da ya tashi a irin wannan yanayi, idonsa da fatarsa tare suke yanke hukunci. Idan ya hango bishiya mai faɗin kai da duhun ganye, jikinsa ya riga ya ji sanyinta tun ƙafarsa ba ta kai ba, wannan jin shi yake kira kyau.

Dubi giginya. A tsayi da miƙewa ba ta da na biyu, mai ɗaukar hoto zai so ta da yamma. Amma da Bahaushe ya tashi yi mata karin magana, sai ya ce inuwar giginya na nesa ka sha. Tsayin bai sa ta tsira daga zargi ba. Gamji kuwa, mai yalwar rassa da ke ɗaukar jama'a, shi aka ara aka yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello laƙabi da shi. Ka kuma duba sunayen unguwanni a Kano: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Rimin Kebe, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, Kukar Bulukiya. A jihar Katsina akwai ƙaramar hukuma sukutum mai suna Rimi, a Kaduna ga Unguwar Rimi. Al'ummar da ba ta kula da bishiya ba za ta riƙa kwatance da ita har sunan ya zauna wa unguwa ba, wani lokaci ma ya ci gaba da rayuwa bayan bishiyar ta faɗi.

Labarin darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi, ya ƙara fito da abin fili. Baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Yau da wuya ka shiga gari a Arewa ka rasa ta a bakin kasuwa, harabar makaranta ko ƙofar gida. 'Ya'yanta ba a ci, furenta ƙanana ne farare, sai dai ƙamshinsa da ke tashi da daddare a farkon bazara. Me ya sa aka karɓe ta hannu bibbiyu? Tana saurin girma, tana jure fari, sannan a watannin da kome ya bushe ya yi toka-toka ita tana nan da ganyenta. Alhazanmu sukan gane ta nan take idan sun tarar da ita a filin Arfa, inda aka dasa dubbanta don mahajjata su fake. Ashe idon namu ba ya ƙin baƙon abu, in dai ya cika ma'auninsa.

Bayan inuwa sai amfani. Ɗorawa idan ta saki jajayen furanninta dunƙule-dunƙule suna reto da rani, abin kallo ce ga kowa, amma uwar gida tana kallonta tana hango kalwa da daddawa. Kuka miya ce, tsamiya kunu ce, kaɗanya mai ce. Manomi yana yabon gawo domin yana kaɗe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi kore da rani ya ba dabbobi abinci. Haka ma gona. Idan masara ta sha taki ta yi duhu, mai wucewa zai tsaya ya ce masha Allah, gonar nan ta yi kyau, kuma da gaske kyan yake nufi. Tsoffin biranenmu ma a haka aka gina su. Turawan matafiya, Clapperton da ya shiga Kano a 1824, da Barth da ya ga Katsina da Kano a 1851, duk sun ba da labarin gonaki da filaye masu yawa a cikin ganuwa. Koren birnin Hausa tun asali kore ne da ake ci.

Ciyawar da aka aske

To daga ina aka samo wancan hoton na shimfiɗaɗɗiyar ciyawa, wanda muke auna kanmu da shi mu ga mun gaza? Daga gidajen masu hali na Turai ya fito, musamman Ingila. Can a da, barin fili ba noma ba kiwo, ana biyan mutane suna yanke ciyawarsa da lauje, alama ce ta cewa mai gidan ya fi ƙarfin abin da filin zai ba shi. Da Edwin Budding ya ƙera injin yankan ciyawa a 1830, sai abin ya sauko har ga masu matsakaicin hali.

Akwai abin mamaki a nan. Ruwan saman da ke sauka a Landan a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba, alhali kudancin Katsina, yankin Funtuwa da Faskari, yakan samu kusan 1,000. Bambancin shi ne nasu yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, cikin sanyi, ƙasa ba ta bushewa. Namu yana zuba cikin wata biyar ko shida, sannan a ɗauke, hunturu ya busa, bazara ta gasa abin da ya rage. Ciyawar ado a ƙasarmu kamar doki take: sayensa ba wuya, ciyar da shi kullum shi ne aikin. Tana son rijiyar burtsatse, tana son mai ban-ruwa safe da yamma, tana son shingen da zai hana awaki.

Turawan mulkin mallaka sun kawo wannan salon ne don kansu. Dokar tsara garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar tazarar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. A unguwar Turawan aka jera maɗaci da darbejiya a bakin tituna, aka yi filayen wasa, kamar yadda har yau ake ganin sauransu a Nasarawa ta Kano da tsoffin unguwannin Turawa na Kaduna da Zariya. Da suka tafi manyanmu suka gaji gidajen. Illar da wannan ya bari a zukata ita ce, an wayi gari tsararren kore ya zama kayan manya, abin da talaka ke leƙawa ta saman katanga.

Ba ina cewa irin waɗannan wurare ba su da kyau ba. Babban lambun shaƙatawa na Millennium a Abuja, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003, wuri ne mai daɗin zama, iyalai suna jin daɗinsa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ɗauko wannan salon a dasa a shataletalen garin da mata ke bin layin ruwa tun asuba, a kashe kuɗi a sa furanni saboda wani babba zai zo, kafin Fabrairu su bushe ƙurmus, sannan a juyo a ce mutanen gari ba su san darajar abu ba. Da kuɗin an dasa bedi ko maɗaci goma a bakin tasha an kewaye su da ƙaya, da yanzu direbobi da masu talla sun ɗauke wa hukuma nauyin kula da su.

Hannun da ke shara

Inuwa da amfani kaɗai ba su gama bayani ba, domin akwai bishiyoyi masu inuwa da ba wanda ke kallonsu sau biyu. Ɗauki bedi guda biyu, sa'o'in juna, a unguwa ɗaya.

Ta farko tana ƙofar wani gida. Tun da sassafe an share ƙarƙashinta, sawun tsintsiya na nan layi-layi a kan rairayi, an yi yayyafi ƙura ta kwanta. An sassare ƙananan rassanta har mutum zai wuce a tsaye ba tare da hularsa ta taɓa ganye ba. Ga dakali a jikin katanga, ga randa da moɗa a gindinta an rufe da faifai. Saiwar da ta fito waje ta yi santsi saboda yawan zama. Da hantsi mai faci ya jingina tayoyinsa, da la'asar tabarmi su fito, a gefe ana dara, bayan isha'i mai shayi ya kunna wuta. Ta biyu tana bayan wani kango. Ledoji sun maƙale a rassanta, an mai da gindinta juji, ciyawa ta kai gwiwa, wari ya hana tsayawa. Ganyensu ɗaya, inuwarsu ɗaya. Ka tambayi duk wanda ka ga dama, babba ko yaro, ta farko zai ce mai kyau.

Wata masaniyar tsara filaye a Amurka, Joan Nassauer, ta yi rubutu a 1995 a kan wannan ɗabi'a. Ta nuna cewa mutane ba sa yaba shuke-shuke a cikin gari sai sun ga alamar akwai mai kula da su. A ƙasarsu alamar ita ce askakkiyar ciyawa da shinge mai fenti. A ƙasarmu alamar ita ce sharar ƙasa. Ciyawa a ƙofar gida a wurinmu maɓoyar maciji da kunama da sauro ce, kuma shaida ce cewa ko dai gidan ba kowa, ko kuwa masu shi ragwaye ne. Baƙon da ya zo ya ga tsakar gida fetal ba ko tsinke ya ce wurin ya yi tsirara, bai iya karatun abin da ke gabansa ba. Abin da yake kallo aikin hannu ne na kowace safiya.

An ma gwada ƙarfin wannan alama a aikace. A birnin Filadalfiya na Amurka masu bincike sun ɗauki kangwaye da filayen da aka yi watsi da su guda 541, suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wasu aka kwashe shara, aka shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi, aka sa guntun shingen katako, wasu aka bar su yadda suke. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa a unguwannin talakawa harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin ɗari a kewayen filayen da aka gyara, mazauna kusa da su kuma masu cewa suna fama da ƙuncin zuciya sun ragu da fiye da kashi 40. Gyaran bai ci wani kuɗin a-zo-a-gani ba. Abin da ya canza shi ne wurin ya nuna yana da mai shi.

Koren da ake tsoro

Wani masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, Jay Appleton, ya kawo ra'ayi a littafinsa na 1975 cewa ɗan Adam ya fi sakewa a inda zai hango nesa alhali shi kansa yana da mafaka. Wanda ya san yadda ake kafa majalisa ba zai yi musu ba. Dattawa ba sa zama su ba hanya baya. Bayansu gindin bishiya ne ko katanga, gabansu fili, mai shigowa gari sun gan shi tun daga nesa, kafin ya yi sallama sun san ɗan gidan wane ne.

Tun da can akwai bishiyoyin da ake ɗari-ɗari da su. Tsohuwar tsamiya ko kuka mai kogo a bayan gari, ana hana yara zuwa wurinta da tsakar rana ko da magariba, wai mazaunin iskoki ce. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan wannan camfi. Amma a lura, tsamiyar tsakiyar kasuwa wadda mahauta ke rataye nama a jikinta ba mai tsoronta. Wadda ta keɓe, ba mai zama a ƙarƙashinta, ita ake ƙaga wa labari.

A shekarun nan tsoron ya tashi daga camfi ya koma na zahiri, kuma ba zai yiwu a yi maganar kore a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa a tsallake wannan ba. Suna cikin ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka fi addaba. Dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara, har da dajin Rugu, waɗanda a da makiyaya da mafarauta da masu saƙar zuma da mata masu tsintar kaɗe ke shiga su fito lafiya, sun zama mafakar masu kisa da satar mutane. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, sai bayan kusan mako guda aka sako su. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Masarar da ta yi tsawo ta rufe mutum, wadda ganinta ke sa manomi murmushi, yanzu idan tana daf da gidaje akwai masu kwana da ido ɗaya saboda ita.

Wannan yana da darasi kai tsaye ga mai son ƙawata gari a yankin. Duk shukar da za ta yi cunkus daga ƙasa zuwa tsayin mutum, irin kaurin shingen furanni da ake yi a birane, a nan fargaba za ta haifar, kuma ba za a daɗe ba wani zai sa mata adda. Abin da ido zai natsu da shi shi ne dogayen bishiyoyi masu buɗaɗɗen gindi, a tazara, a inda jama'a ke kai-kawo, yadda na zaune zai ga na tafe.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Yaran da aka haifa a wannan yanki cikin shekaru goman nan, da yawansu ba su san daji ta fuskar da iyayensu suka san shi ba. Ba su je tsinkar kanya ko ɗinya ba, ba su bi yayyensu kiwo har bakin rafi ba, abin da suka sani game da daji shi ne can ake kai mutane. Mangwaron harabar makaranta da bedin ƙofar gida su ne kaɗai koren da ya rage musu wanda za su zauna a cikinsa hankali kwance. Ga kuma matsin da ke kan waɗannan bishiyoyin: idan itacen daji ya yi wuyar samu, gatari cikin gari yake juyowa. Duk reshen da aka sare a irin wannan hali, an rage wa waɗannan yara ɗan abin da ya saura.

Idon wa?

Har yanzu muna ta maganar ƙofar gida da majalisa, waɗannan kuwa wuraren maza ne. Matar aure a garuruwanmu mafi yawan yininta a tsakar gida take yinsa, don haka koren da take gani shi ne wanda ke cikin katanga: zogale a bayan ɗaki, lalle, gwanda kusa da wurin wanke-wanke inda ruwa ke bi, wataƙila lemun tsami ko mangwaro guda. A ƙarƙashinsa ake daka, ake kitso, ake shimfiɗa wa jariri zane, kaji su fake. Tsohon gidan Hausa mai faɗin tsakar gida ya ba wannan wuri. Sabon gini a ƙaramin fuloti, wanda aka cika da ɗakuna aka malale sauran da siminti, ya kore shi, kuma wanda ya yanke shawarar ginin galibi shi ne wanda ke da inuwa a waje.

A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa nazarin da ya yi a kan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pensilbeniya ta Amurka. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, rabi tana kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga barin asibiti da kusan kwana guda, sun kuma buƙaci ƙarancin magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi. Nazarin ƙarami ne, amma da yawa sun biyo bayansa suna nuna hanya ɗaya. Idan na tuna shi, mai jego nake tunawa, wadda za ta yi kwana arba'in ba ta fita ba, da tsohuwar da ƙafa ta hana ta zuwa ko'ina. Abin da ƙofar ɗakinsu ke kallo, bangon siminti ko reshe mai motsi, yana cikin lafiyarsu, kuma ba a tambayarsu idan za a sare.

Wani masanin bishiyoyin birane ɗan ƙasar Holan, Cecil Konijnendijk, ya ba da wani ma'auni mai sauƙi a 2021: kowa ya iya ganin bishiya uku daga gidansa, inuwar bishiyoyi ta rufe kashi 30 cikin ɗari na unguwa, sannan kada tazarar gida da fili mai shuke-shuke ta wuce mita 300. Tsohuwar unguwa a ƙaramin gari za ta iya cin sharaɗin farko ba tare da ta taɓa jin labarinsa ba. Sabbin unguwannin gefen Katsina da Kano da Funtuwa, inda kwano ke ƙyalli iyakar ganinka, su ne za su sha wuya. Cunkoson da ake yi a gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano kowace Sallah, mata da yara cikin sabbin kaya suna neman gindin bishiyar da za su shimfiɗa tabarma, ya isa shaida cewa sha'awar tana nan, wurin ne babu.

Bishiyar wa?

Idan alamar kulawa ita ce rabin kyau, to sai a tambaya: me ke sa mutum ya kula da bishiya? Maƙwabtanmu na Nijar sun ga fuska biyu na amsar. A Yamai an fara dasa zoben bishiyoyi kewaye da birnin a 1965, mafi yawansu darbejiya, har ya kai kadada wajen 2,500. Na gwamnati ne, wato na kowa, kuma a hankali fuloti da juji da gatari suka yi ta cinye shi. A ƙasar Maraɗi kuwa, daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi aiki da manoma a kan su daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsoffin kututture, su zaɓi rassa biyu ko uku su sassabe sauran. Manoman suka kira abin sassaben zamani. Da suka tabbata cewa bishiyar da suka rena tasu ce, ba jami'in gandun daji da zai ci su tara a kanta, sai abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 sun dawo a kan kadada miliyan 5.

A garuruwanmu ma tambayar tana nan, ko da ba a furta ta. Durumin bakin masallaci na wane ne? Idan aka raba gado aka sayar da filin da tsamiyar unguwa take, wa ke da bakin magana? Mai gari, ƙaramar hukuma, magada, ko mutanen da suka shekara arba'in suna zama a ƙarƙashinta? Babi na gaba zai bi wannan zare: yadda al'ada da shari'ar Musulunci da dokar ƙasa suka kalli mallakar bishiya, da yadda filayen makarantu da na idi da bakin kasuwanni ke komawa shaguna.